Wa Zai Yafe Jini? Abin da Mabiya Addinin Buda a Kambodiya Suka Yi da Makasan 'Yan'uwansu

Mai karatu, idan aka yi wa Bahaushe zaluncin da ya fi ƙarfinsa, ya dubi gabas ya dubi yamma bai ga mai ƙwato masa hakkinsa ba, akwai abin da yakan faɗa ya ji sanyi a ransa. Yakan ce Allah ya isa, ko kuwa ya ce na bar shi da Allah. Ko wanne ya faɗa, ya ɗauke ƙarar ke nan daga hannunsa ya kai ta gaban Alƙalin da ba a yi masa toshiyar baki. Mu masu bi ma muna da inda muke kai laifin da aka yi mana da laifin da mu muka yi, mu roƙi gafara, mu kuma roƙi ƙarfin gafarta wa wani.

To, yaya mutumin da addininsa bai koya masa cewa akwai Mahalicci mai yin shari'a, mai shafe zunubi ba? In aka kashe masa uwa da uba, ina zai kai kukansa? Shi kuma wanda ya yi kisan, in wata rana ya farga ya yi nadama, wa zai wanke shi? Akwai ƙasa guda da kusan kowane gida a cikinta ya kwana ya tashi da waɗannan tambayoyi tun daga 1975, wato Kambodiya. A wannan mako za mu duba amsar da addinin Buda ya ba mutanen wannan ƙasa, mu faɗe ta yadda masu ita za su yarda an faɗe ta daidai, sa'an nan mu ga inda ta yi musu magani da inda ta bar su da ciwo.

SHEKARA 3 DA WATA 8 DA KWANA 20

Kambodiya tana kudu maso gabashin nahiyar Asiya, tsakanin Tailan da Laos da Biyetnam. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta mabiya addinin Buda ne, na ɗariƙar da ake kira Theravada. Ran 17 ga Afrilu 1975, 'yan tawayen kwaminisanci da aka sani da Khmer Rouge, a ƙarƙashin wani mai suna Pol Pot, suka shiga babban birnin ƙasar, Phnom Penh. Kafin mutane su gama murnar ƙarewar yaƙi, sai aka ce kowa ya fita daga birni, har marasa lafiya da ke kwance a asibiti. Aka soke kuɗi, aka rufe kasuwanni da makarantu, aka hana kowace irin ibada, aka raba iyaye da 'ya'yansu, aka tura kowa gona aikin tilas.

Sa'ad da sojojin Biyetnam suka kore su ran 7 ga Janairu 1979, mutum tsakanin miliyan 1.5 da miliyan 2 sun hallaka, a ƙasar da yawan jama'arta ke kusan miliyan 8. Wasu yunwa ta kashe su, wasu ciwo da wahalar aiki, wasu kuwa fartanya aka buga musu a ƙeya don kada a ɓata harsashi. In mutanen ƙasar za su ambaci wannan zamani, sau da yawa lissafinsa suke faɗa: shekara 3 da wata 8 da kwana 20.

Kafin wannan masifa akwai 'yan zuhudu kimanin 60,000 a ƙasar, waɗanda suka bar aure da dukiya, suna yafa mayafi ruwan goro, suna koyar da jama'a, jama'a kuma na ciyar da su. Aka tuɓe musu mayafansu da ƙarfi, da yawa suka mutu, aka mai da ɗakunan ibada rumbuna da gidajen yari. Musulmin ƙabilar Cham da Kiristoci ma ba su tsira ba, har babbar majami'ar Katolika ta Phnom Penh sai da aka rushe ta ƙurmus. A cikin birnin kuma aka mai da wata makarantar sakandare, Tuol Sleng, gidan azaba mai lamba S-21. Daga baya kotu ta tabbatar cewa aƙalla mutum 12,273 aka tsare a wurin, 'yan tsiraru ƙwarai suka fito da rai. Shugaban gidan tsohon malamin lissafi ne, Kaing Guek Eav, wanda aka fi sani da Duch. A riƙe sunansa, za mu komo kansa.

Da ƙura ta lafa, sai ga wanda ya yi kisa da wadda aka kashe wa miji a ƙauye ɗaya, suna ɗiban ruwa a tafki ɗaya. A harshen ƙasar akwai kalmar kum, wato ƙullatar da mutum kan riƙe shekara da shekaru har ya sami damar ramawa fiye da abin da aka yi masa, irin abin nan da Hausawa ke cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Wasu sun rama a watannin farko. Mafi yawa ba su rama ba, kuma wani ɓangare na dalilin yana cikin abin da addininsu ya koya musu.

ADDININ DA BA MAI SHAFE ZUNUBI

Mutumin da ake kira Buda, wato wanda ya farka, sunansa na yanka Siddhattha Gotama. Ya rayu a arewacin Indiya kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Almasihu. Mabiyansa na ɗariƙar Theravada ba su ɗauke shi Allah ba. A wurinsu malami ne da ya gano hanya ya nuna ta, amma tafiya sai mutum ya yi da ƙafarsa.

Ginshiƙin koyarwar a kan batunmu shi ne kamma, wanda wasu ke kira karma. Ma'anarsa aikin da aka yi da niyya, da hannu ko da baki ko da zuciya. Kowane irin aiki yana da 'ya'yan da zai haifa, ko a wannan rayuwa ko a wata, gama sun gaskata ana ta sake haihuwar mutum bayan mutuwa. Hausawa na cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Mai bin Buda zai yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari, sai dai a wurinsa ba wanda ya aiko kwikwiyon, ba kuma wanda zai iya kiransa ya koma. Ba alƙali, ba ɗaukaka ƙara, ba ahuwa. Abin kamar shuka ne da girbi.

Ceto kuwa a wurinsu shi ne nibbana, ma'anarsa mutuwar wuta. Wuta uku ce ke cin zuciyar ɗan Adam, kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗu, kuma su ke jan mutum daga haihuwa zuwa haihuwa. Ranar da suka mutu, mutum ya kuɓuta daga zagayen wahala. A nan ne batun yafewa ya shigo. Wanda ya riƙe ƙullata yana iza wuta ta biyu da hannunsa. Makashi ya cuce shi sau ɗaya, amma ƙiyayyar da ya riƙe za ta zama nasa aikin, ta bi shi har wata rayuwa. Saboda haka mai bin Buda yakan yafe domin kada makashin ɗan'uwansa ya haɗa da shi ma ya hallaka.

Ba da baki kaɗai ake yin wannan ba. Suna da horon zuciya da ake kira metta, wato fatan alheri. Mutum zai zauna shiru ya yi wa kansa fatan zaman lafiya, sa'an nan ga wanda yake ƙauna, sa'an nan ga wanda ba ruwansa da shi, daga ƙarshe ga maƙiyinsa. Ana maimaita shi kullum, kamar yadda manomi ke komawa gona da fartanya, gama ciyawa ba ta mutuwa da noma ɗaya.

Abu biyu suka fito daga wannan. Na fari, wanda aka cuta ba ya jiran mai laifi ya zo ya tuba kafin ya sauke nasa kayan. Na biyu, yafewarsa ba ta rage wa mai laifi ko anini daga bashinsa.

LABARAI BIYU DA AKE KOYA WA YARA

A cikin littattafansu na ibada akwai labarin wani yarima, Dighavu. Sarkin Kasi, Brahmadatta, ya ci ƙasar mahaifinsa da yaƙi, daga baya ya kama uban da uwar ya sa aka kashe su. Sa'ad da ake wucewa da su a ɗaure, uban ya hangi ɗansa cikin taro, ya gargaɗe shi a kaikaice kada ya rama. Yaron ya ɓad da kama, ya sami aiki a bargar giwayen sarki, har ya zama amintaccen baransa. Wata rana wajen farauta suka yi nisa da dakaru, sarki ya gaji, ya ta da kai da cinyar yaron ya yi barci. Sau uku Dighavu yana zare takobi, sau uku yana mai da shi kube. Da sarki ya farka, ya bayyana masa ko shi wane ne, suka yi wa juna rantsuwar aminci. Ya kuma faɗi dalilinsa, cewa in ya kashe sarki, mutanen sarki za su kashe shi, nasa mutanen su kashe su, abin ba ranar ƙarewa. A lura, yaron bai ce kashe iyayensa ba laifi ba ne, hannunsa kuma bai daina zuwa kan takobi nan take ba.

Labari na biyu na makashi ne. Angulimala ɗan fashi ne a ƙasar Kosala, wanda ke yanke yatsun waɗanda ya kashe yana ratayawa a wuya. Wata rana ya bi Buda da gudu don ya kashe shi, ya kasa cim masa ko da yake Buda tafiya kawai yake yi. Da ya daka masa tsawa ya tsaya, Buda ya nuna masa cewa shi ya riga ya tsaya daga cutar da masu rai, ɗan fashin ne bai tsaya ba. Nan ya jefar da makamansa ya zama ɗan zuhudu, har ya kai ga nibbana. Amma wata rana da ya shiga gari neman sadaka, aka jefe shi da duwatsu da sanduna, ya komo jina-jina, ƙwaryarsa a fashe. Buda bai la'anci masu jifa ba. Ya ce masa ya daure, gama 'ya'yan aikinsa ne yake girba a nan, maimakon shekaru masu yawa a gidan azaba. Ashe ƙofa a buɗe take ko ga mai kisa, sai dai ba a shiga ta a bar bashi a waje. Saboda wannan labari ne ƙungiyar da ke kai koyarwar Buda gidajen yari a Ingila, wadda aka kafa a 1985, take amsa sunan Angulimala.

ƊAN ZUHUDUN DA YA RASA KOWA

Koyarwa a takarda daban, ranar gwaji daban. Sa'ad da Khmer Rouge suka kama mulki, wani ɗan zuhudun Kambodiya mai suna Maha Ghosananda yana wani gidan zuhudu a dajin kudancin Tailan. Ya yi karatu mai zurfi a Nalanda ta Indiya. Labarin abin da ake yi a gida ya riƙa iso masa, yana kuka kullum, malaminsa yana ce masa ya tsare zuciyarsa, gama lokaci na zuwa da mutanensa za su bukace ta. A ƙarshe danginsa kaf suka hallaka, har da 'yan'uwansa 16.

Da 'yan gudun hijira suka fara kwarara zuwa iyakar Tailan, ƙashi da fata, sai ya bar daji ya tafi sansanoninsu. Mutanen da suka yi shekaru ba su ga mayafi ruwan goro ba suka faɗi ƙasa suna kuka. Ya riƙa raba musu takardun koyarwar metta, yana kafa ɗakunan ibada na gora, har a sansanonin da 'yan Khmer Rouge ke da iko. A gaban dubban marayu da gwauraye ya riƙa rera tsohuwar koyarwar nan ta cewa ramuwa ba ta kawo ƙarshen gaba, su kuma suna amsawa da hawaye. Da wani ne ya faɗa musu haka, da sun ce bai san zafin abin ba. Shi kuwa ba mai iya ce masa haka.

Bayan yarjejeniyar sulhu ta birnin Paris a Oktoba 1991, ya fara wani tattaki na shekara-shekara da ake kira Dhammayietra. Na farko ya tashi a Afrilu 1992 daga iyakar Tailan zuwa Phnom Penh, ta cikin ƙasa mai cike da nakiyoyi. Cikin waɗanda suka taimaka wajen shirya shi har da wani ɗan'uwa na ƙungiyar Jesuit ta Katolika, Bob Maat. Tun da asuba mutanen ƙauyuka kan jeru a bakin hanya da bokitan ruwa, 'yan zuhudu na tsoma furanni suna yayyafa musu. A kan hanyar nan wasu suka gamu da 'yan'uwan da suka ɗauka sun mutu. Tattakin 1993 ya ƙarfafa mutane suka fita zaɓen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya a watan Mayu, duk da barazanar 'yan bindiga. A na 1994 aka yi musayar wuta tsakanin 'yan tawaye da sojojin gwamnati a kusa da masu tattakin, ɗan zuhudu ɗaya da 'yar zuhudu ɗaya suka mutu, amma ba a fasa tafiya ba. A 1997 tattakin ya shiga Pailin, tungar Khmer Rouge ta dā.

Maha Ghosananda yakan koyar cewa kafin a gama tone nakiyoyin da ke cikin ƙasa sai an tone waɗanda ke cikin zuciya. Ya kuma nace cewa sulhu ba ya nufin mutum ya sarayar da hakkinsa. Duk da haka ya sha suka daga masu ganin cewa sa wa tsofaffin makasa albarka ya yi sauri, tun ba a kai kowa gaban shari'a ba. Ya rasu a Amurka a watan Maris 2007.

MATATTU FA?

Akwai wani ciwo da yafewa ba ta taɓa shi ba. A al'adar Kambodiya ana ƙone gawa ne, 'yan zuhudu su yi mata karatu. Jama'a da yawa sun gaskata cewa wanda ya yi mummunar mutuwa, ba a kuwa yi masa wannan hidima ba, kurwarsa takan yi ta yawo da yunwa. To, ga dubban ɗaruruwa da aka zuba a ramuka, ba wanda ya san inda nasa yake.

Abin da addinin ya ba masu makoki shi ne su yi aikin lada su tura wa mamacin. Kowace shekara, wajen Satumba ko Oktoba, ana yin bikin Pchum Ben na kwana 15. Iyalai kan kai abinci gidajen zuhudu, a ambaci matattu, a jefa dunƙulen shinkafa kafin gari ya waye domin kurwoyi masu yunwa. Ga macen da ba ta ga gawar mijinta ba, wannan ne kaɗai abin da ya rage da za ta iya yi masa da hannunta.

A Choeung Ek, inda ake kai fursunonin S-21 a kashe, an tono dubban gawawwaki. A 1988 aka gina hasumiyar ibada aka jera ƙoƙunan kawuna fiye da 5,000 a bayan gilashi. Marigayi Sarki Sihanouk ya roƙa a ƙone ƙasusuwan don matattu su huta, gwamnati ta ce a bar su su zama shaida. Ko a kan ƙasusuwa, bukatar hutu da bukatar shari'a sun ja daga.

Wani abin takaici kuma shi ne yadda wasu kan ce wa wanda aka cuta, ai alhakinka ne na wata rayuwa. Masanansu sun ce wannan kuskure ne, gama littattafan sun nuna Buda ya ƙi yarda cewa duk abin da ya sami mutum daga tsohon aikinsa ne. Ya lissafa wasu dalilai, har da ciwon jiki, da sauyin yanayi, da harin da wani ya kawo.

DUCH YA YI BAFTISMA

Yanzu mu komo kan shugaban S-21. Bayan faɗuwar mulkinsu Duch ya sauya suna ya koma koyarwa a yammacin ƙasar. A 1995 wasu mahara suka kashe matarsa. Ya fara zuwa taron masu bi, a 1996 kuma wani fasto ɗan asalin Kambodiya, Christopher LaPel, ya yi masa baftisma a kogi ba tare da ya san ko wane ne ba. Shi wannan fasto ya rasa iyayensa da 'yan'uwansa a zamanin Khmer Rouge, wata danginsa ma a S-21 ta ƙare. A 1999 wani mai ɗaukar hoto, Nic Dunlop, ya gane Duch, shi kuwa bai yi musu ba, aka tsare shi.

A 2009 ya gurfana gaban kotun haɗin gwiwa ta Kambodiya da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya amsa cewa shi ke da alhakin abin da aka yi a gidan, ya nemi gafarar iyalan matattu. Cikin waɗanda kotun ta hukunta, ba wanda ya amsa laifi kamarsa. Faston da ya yi masa baftisma ya zo kotu ya ba da shaida, ya kuma bayyana cewa shi ya gafarta masa. Amma a ƙarshen shari'ar Duch ya ba kowa mamaki, ya roƙa a sake shi. A Yuli 2010 aka yanke masa shekara 35, a Fabrairu 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta mai da shi ɗaurin rai da rai. Ya mutu yana ɗaurarre a Satumba 2020. Wasu manyan biyu, Nuon Chea da Khieu Samphan, su ma an yi musu ɗaurin rai da rai a 2014. Pol Pot kuwa ya mutu a 1998 bai taɓa tsayawa gaban wannan kotu ba.

Da yawa cikin iyalan matattu ba su karɓi roƙon Duch ba. Wasu suka ce ya guje wa addinin iyayensa ne don ya san a can ba mai yafe masa, ya nemi wanda ake wanke mutum rana ɗaya. Wannan zargi ne mai nauyi, ya kamata mu ji shi da kunnen basira. Zuciyar Duch Allah kaɗai ya san ta. Amma roƙon da ya yi a sake shi ya sa mutane da yawa suka ɗauki tubarsa abin wasa, suka kuma ɗauki gafarar da muke wa'azi abu mai araha.

Don a yi adalci, sai a ƙara abu biyu. Ba duk mabiya Buda suka tsaya a kan ƙoƙarin kai ba. A Japan, malami Shinran, wanda ya rayu daga 1173 zuwa 1263, ya koyar cewa mai mugun aiki ba shi da abin dogara sai alkawarin jinƙai na Buda Amida, kuma miliyoyi suna bin wannan ɗariƙa. Sa'an nan, kamar kowane addini, abin da aka koyar daban, abin da mabiya suka aikata daban. A 2017 Musulmin Rohingya fiye da 700,000 suka tsere daga Myanmar, ƙasar mabiya Buda, bayan wasu 'yan zuhudu sun daɗe suna hura wutar ƙiyayya a kansu.

ABIN DA YA RAGE MANA

'Yan'uwa, bambancin da ke tsakaninmu da su ba ƙarami ba ne, ba kuwa za mu ɓoye shi don neman a yabe mu ba. Su sun ce bashi sai mai shi ya biya. Mu mun gaskata akwai Wanda ya biya abin da ba mu iya biya, ceto kuwa alheri ne. Amma a cikin ikilisiyoyinmu akwai gwauraye da marayun da tashin hankali ya bari, kuma labarin Kambodiya yana da abin faɗa mana a kansu.

Mu da muke koyarwa, sau da yawa mukan gaggauta. Ana dawowa daga jana'iza mu ce wa mace ta gafarta, kamar abu ne da ake yi da tsakar rana ɗaya. Yarima Dighavu sau uku ya zare takobi. Maha Ghosananda ya daɗe yana kuka a daji kafin ya iya tsayawa gaban jama'a, kuma sa'ad da ya tsaya, ya je ya zauna tare da su a sansani, ya taka ƙasa mai nakiya tare da su. Wanda bai zauna zaman makoki da mutum ba, ya yi hankali da yi masa wa'azin gafara.

Haka kuma kada mu bari a mai da alheri mafakar masu gudun shari'a. Ɓarawon nan da aka gicciye tare da Ubangijinmu ya sami alkawarin Firdausi, amma ba a sauko da shi daga gicciye ba, shi da bakinsa ya yarda hukuncinsa daidai ne. Zakka ma da ceto ya shiga gidansa, sai da ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwata ninki huɗu. Gwauruwa tana iya gafarta wa makashin mijinta, ta kuma je kotu ta ba da shaida a kansa, ba ta yi zunubi ba.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi damuna. Wannan tsoho ɗan zuhudu ba shi da alkawarin da muke da shi. Bai san wani da ya ɗauki zunubinsa ba, bai sa ran sake ganin 'yan'uwansa 16 a gaban kursiyin Allah ba. Duk da haka ya shiga sansanin waɗanda suka hallaka su yana yi musu fatan alheri. Mu da muke roƙo kowace Lahadi a gafarta mana gwargwadon yadda muke gafarta wa wasu, kowannenmu ya san sunan da ya kasa ambatawa cikin addu'a. Ubangiji ya ba mu ƙarfin ambatonsa, ya kuma ta'azantar da masu makoki, na nan da na Kambodiya. Amin.